Tambaya da Amsa: Daga Ina Sunan Vischer, Sunan Gidan su Ɗan Hausa, Ya Fito?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan suna ɗaya da danginsa, don haka muka jera su yadda amsar wata za ta share wa wata fage.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Na kai ɗalibaina Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, aka gaya musu sunan Baturen da ake kira Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer. Sai suka tsare ni da tambaya: in ma'aikacin Ingila ne, me ya sa sunansa bai yi kama da na Ingilishi ba? Yaya ake faɗinsa, kuma mece ce ma'anarsa? Daga wani malami, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibanka suna da kunne. Sunan na Jamusanci ne, mai sunan kuma ba a Ingila aka yanke masa cibiya ba. An haife shi a 1876 a Basel, birnin Suwizalan da ke bakin kogin Rhine, daidai inda iyakar Suwizalan da Jamus da Faransa suka haɗu, kuma mutanen birnin Jamusanci suke yi. Ya yi karatu a Cambridge, ya fara shigowa ƙasar nan tare da 'yan mishan, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1903, sannan ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, a 1909 ya buɗe makarantar Nassarawa. Ya rasu a 1945.

Wajen faɗi, ka manta da yadda Ingilishi yake karanta harafin V. A kalmomin Jamusanci na asali V da F sauti ɗaya ne. Haruffan nan uku, sch, su ne "sh" ɗinmu, ƙarshen nan na -er kuma a bakin yawancin Jamusawa yana fita kamar gajeren "a". Ka ce wa ɗalibai "Fisha", ba za ka yi nisa da daidai ba.

Ma'anarsa masunci. Fisch shi ne kifi, ɗafin -er kuma aikinsa ɗaya da namu na ma- a gaba da -i a baya, wanda yake fitar da maƙeri daga ƙira, masaƙi daga saƙa, majemi daga jima. Haka suka samu Weber, masaƙi, da Schneider, tela, da Müller, mai niƙa, da Fischer, masunci. Vischer da Fischer kalma ɗaya ce, faɗinsu ɗaya, harafin farko kawai ya raba su a takarda.

To daga ina V ɗin? Shi ne ma tsohon rubutu. A Jamusancin da aka rubuta tsakanin wajen 1050 da 1350, magatakarda sun saba rubuta wannan sauti da v a farkon kalma: visch, vater, vogel, vinger. Da rubutu ya zo yana daidaita a hannun masu buga littattafai da ofisoshin sarakuna, wasu kalmomin suka koma f, kamar Fisch da Finger, wasu kuma suka tsaya a kan v har yau, kamar Vater, uba, da Volk, jama'a, da vier, huɗu. Ba wata ƙa'ida aka bi wajen rabon ba, sabo ne kawai. Tun da tarihi kake koyarwa, ga wani da za ka haɗa musu da shi: Eduard Vogel, Bajamushen nan da ya iso Kukawa a 1854 aka kashe shi a Wadai a 1856, sunansa "Fogel" ake faɗi, ma'anarsa tsuntsu.

Yadda sana'a ta zama sunan gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun daga ƙarni na 12 garuruwan Jamus suka fara cika, sunayen da ake raɗa wa yara kuma 'yan kaɗan ne suke ta juyawa, Hans, Heinrich, Konrad, Peter. Mai karɓar haraji dole ya san wane Hans ne ya biya, kamar yadda a unguwar da ke da Musa biyar sai an ce Musa Tela, Musa Dogo, Musa Bichi. Inda hanya ta rabu shi ne, a can laƙabin ya manne, ɗa ya gaje shi, jika ma ya gaje shi, ko da sun bar sana'ar. Birane da kudancin ƙasar ne suka fara, ƙauyuka suka biyo baya, mutanen Friesland na bakin tekun arewa kuwa sai a ƙarni na 19 suka daina kiran ɗa da sunan ubansa kawai.

In kana son hujjar da ɗalibi zai gani da idonsa, nemi hoton kabarin Sebaldus, wani waliyyin Kirista, da ke cikin cocinsa a birnin Nuremberg na Jamus. Aikin zubin tagulla ne da Peter Vischer Babba da 'ya'yansa suka yi daga 1508 zuwa 1519. A gindin aikin ya sa ɗan ƙaramin mutum-mutumin kansa: dattijo mai gemu, da hula, ya ɗaura walkin fata, kayan aiki a hannu. Sunansa masunci, amma kallo ɗaya za ka yi masa ka san mutumin maƙera ne, kuma a maƙerar mahaifinsa ya tashi. Wato tun kafin 1500 sunan ya riga ya rabu da sana'ar.

Abin da ya sa masunta suka yi yawa har sunan ya cika ƙasa, har a wuraren da ba su taɓa ganin teku ba, yana da alaƙa da azumin Kirista na wancan zamani. Ranakun Juma'a da kwana arba'in kafin Ista da wasu ranaku masu yawa ba a cin nama, amma an halatta kifi. Gidajen sufayen Kirista suka riƙa haƙa tafkunan kiwon kifi. Ruwa kuma yana da mai shi: basarake ko coci ke da ikon su a kowane yanki na kogi, shi yake bayar da haya, don haka masunci mutum ne da sunansa yake shiga takarda. A Basel kanta masunta da matuƙa jiragen ruwa suna da ƙungiyar sana'arsu tun 1354.

TAMBAYA: Na ga an rubuta cewa sunan Vischer bai da yawa. Mutum nawa ne ke ɗauke da shi, kuma a ina suka fi yawa? Daga wata ɗalibar jami'a, Zariya.

AMSA: Malama, ma'anar sunan ba ta yi ƙaranci ba, rubutunsa ne ya yi. Fischer da F shi ne na huɗu a yawa a duk Jamus, bayan Müller da Schmidt da Schneider. Vischer da V kuwa ko kusa da jerin sunaye dubu na farko bai zo ba. Kafin ƙarni na 19 mutum ɗaya yana iya fitowa Vischer a takardar haihuwarsa, Fischer a ta aurensa, ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Yawancin gidaje sun bi sabon rubutu ba tare da sun ma sani ba. Waɗanda suka riƙe V galibi gidajen da suke rubuta sunansu da hannunsu ne, suna da hatimi, suna sa hannu a takardun ciniki. Daga nan hukuma ta kulle ƙofa: rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a Prussia, babbar masarautar Jamus ta lokacin, a 1874, ta game duk Jamus daga 1 ga Janairun 1876, Suwizalan ma a wannan shekarar. Yadda aka rubuta sunan mutum a lokacin, haka zuri'arsa ta gada. Ko gyaran ƙa'idojin rubutu na 1901, wanda ya cire h daga kalmomi irin su Thal da Thür, bai taɓa sunayen gidaje ba.

Game da adadi, ki yi hattara da shafukan intanet da za su ba ki lamba tsaf har da ɗigo, kamar sun bi gida-gida. Masana sunaye a Jamus da kundin lambobin wayar gida suke aiki, musamman na shekarar 2005 mai ɗauke da layuka kusan miliyan 28, don bayan wannan lokaci wayar hannu ta sa mutane da yawa sun fice daga kundin. A kansa aka gina ƙamus ɗin sunayen gidaje na intanet da cibiyar nazarin kimiyya da adabi ta Mainz take gudanarwa. A can Fischer yana da layuka kusan dubu ɗari. Ana ninka adadin layuka kusan sau uku don a ƙiyasta mutane, tun da waya ɗaya ta gida guda ce. Ga babban suna wannan lissafi yana tafiya daidai. Ga ƙaramin suna kuwa yana iya karkacewa, don in gidaje biyar suka ƙi sa lambarsu a kundi, sai taswirar ta sauya kama.

Akwai kuma kuskuren karanta taswira. In aka zana yawan masu suna kai tsaye, Berlin da Hamburg da Munich kullum za su fito da duhu, saboda cikar jama'a kawai. Taswirar da ke nuna asali ita ce wadda ta auna masu sunan da yawan mutanen kowace gunduma. Ita za ki nema.

Wurare biyu ne sunan da V ya fi yin amo. Ɗaya kudancin Jamus, inda ban da masu zubin tagulla na Nuremberg akwai Friedrich Theodor Vischer, malamin falsafa da aka haifa a Ludwigsburg a 1807 ya rasu a 1887. Ɗayan kuma Basel. Gidan Vischer na Basel daga Colmar ta yankin Alsace suka zo, suka samu 'yancin zama 'yan birni a 1649, shekara guda bayan ƙarewar Yaƙin Shekara Talatin. Suka yi arziki a fatauci da saƙar zirin siliki, suka shiga sahun tsofaffin gidajen masu faɗa a ji da mutanen Basel suke kira Daig, tare da su Burckhardt da Merian da Sarasin. Daga wannan gida Ɗan Hausa ya fito.

Abu biyu za su taimake ki in Suwizalan kike bincike. Kowane ɗan ƙasar yana da garin da ake ce wa Heimatort, garin asalin zuri'arsa, wanda ake gado ko da mutum bai taɓa taka shi ba, kuma a can aka riƙa ajiye rajistar gidan. Akwai kundin sunayen gidajen Suwizalan da ya jera kowane suna da garin asalinsa kamar yadda abin yake a 1962, ana duba shi kyauta a intanet. Na biyu, al'adarsu ce magidanci ya liƙa sunan gidan matarsa a bayan nasa. In kin ga Vischer-Sarasin a takarda, ba wani sabon suna ba ne, namijin Vischer ne ya auri 'yar gidan Sarasin, 'ya'yansu kuma Vischer ne zalla. 

TAMBAYA: Shin Vischer da Fischer da Fisher na Ingila da Visser da nake gani a sunayen 'yan ƙwallon Holand duk kaka ɗaya suka haɗa? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: A'a, Malam. Harsunan ne 'yan uwa, mutanen ba lalle ba. Kowane gari mai kogi ya yi nasa masuncin, kowanne kuma ya bar wa 'ya'yansa sunan ba tare da ya san da na garin gaba ba. Kamar ka ce duk wanda ake kira Maƙeri daga Sakkwato zuwa Damagaram jini ɗaya ne.

Visser yana cikin sunaye goma mafi yawa a Holand, daga can kuma ya tafi Afirka ta Kudu. Tsohon rubutunsa Visscher ne, irin na gidan masu zana taswira na Amsterdam a ƙarni na 17. A nan ne tarkon yake: a jihar New York akwai wani ƙauye a bakin kogin Mohawk da ake kira Vischer Ferry, mutanen da suka ba shi sunan kuwa zuri'ar Holand ne da s ɗaya ya faɗi daga sunansu. Saboda haka Ba'amurke mai suna Vischer yana iya zama bai haɗa komai da Basel ko Nuremberg ba.

Akwai kuma waɗanda suka juya sunan zuwa Latin zamanin da hakan ke nuna mutum ya yi karatu, a ƙarni na 16 da na 17. Fischer ya zama Piscator, Müller ya zama Molitor, Schmidt ya zama Faber. Yahudawa ma da yawa sun ɗauki Fischer lokacin da aka tilasta musu riƙe sunan gida na dindindin, a ƙasashen Ostiriya a 1787, a Prussia a 1812.

Fisher na Amurka kashi biyu ne: na Ingilishi tun asali, da na Jamusawan da suka sassauta rubutun. Irin wannan sassauci ne ya mai da Eisenhauer ya zama Eisenhower, Huber ya zama Hoover, Steinweg ya zama Steinway. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ma'aikatan tsibirin Ellis na New York, inda ake tantance masu shiga Amurka a da, su ne suke sauya wa baƙi suna ba shi da tushe, don su da jerin sunayen da aka rubuto tun daga tashar da jirgi ya taso suke aiki. Sauyin a hankali ya faru, a makaranta da wurin aiki da kotu, ya kuma ƙaru lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da sunan Jamus ya zama abin ɓoyewa. Ko gidan sarautar Ingila a 1917 ne ya ajiye sunansa na Jamus ya ɗauki Windsor.

In ana son a raba gardama tsakanin gidaje biyu, ana gwada ƙwayar halittar Y, wadda ɗa namiji ke gada daga uba kamar yadda yake gadon sunan. Maza za a gwada, ɗaya daga kowane gida, kuma gwajin zai nuna ko sun haɗa kaka ne kawai, ba zai faɗi sunan kakan ko garinsa ba.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. A gidanmu dattawa suna cewa kakan mahaifiyata Bajamushe ne da ya yi aiki a nan zamanin mulkinsu. Muna da wata tsohuwar takarda da sa hannunsa, wasu suna karanta sunan Bischer, wasu Vifcher. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Garwa, Kamaru.

AMSA: Malam, fara da takardar kanta, don akwai alamar rubutun ne yake yi muku wasa. Jamusawan wancan zamani, daga 1884 zuwa 1916 da suka riƙe Kamaru, da rubutun hannu da ake kira Kurrent suke aiki, a bugu kuma da haruffan Fraktur, kuma ba a daina koyar da su ba sai 1941. A cikinsu babban V yana da ciki da lanƙwasa har ya yi kama da B. Harafin s na tsakiyar kalma dogo ne kamar f, sai dai ba shi da sandar da ta gitta shi. Ƙaramin e yana kama da n, h yana da madauki sama da ƙasa, u kuma ana ɗora masa 'yar ƙugiya a ka don a raba shi da n. Wanda bai saba ba zai karanta Vischer ya ce Bischer ko Vifcher, kamar dai yadda kuka yi. Ka ɗauki hoton takardar a hasken rana ba tare da filasha ba, ka nemi wasu kalmomi a cikinta da suka fara da wannan harafi ka gwada, sannan ka nuna wa wanda ya iya Kurrent. Kada ka bi kan tawadar da biro, kada kuma ka manne ta da leda mai zafi.

In sunan ya tabbata, abin da kake nema na gaba shi ne gari. Jamus ba ta da wani babban ofishi ɗaya da za ka aika suna a binciko maka, kowace rajista tana garin da abin ya faru. Suna ba gari, tamkar neman allura ne a cikin ruwa. Ga wanda ya yi aiki a Kamaru, hanyar samun garin ta danganta da aikinsa. In ma'aikacin gwamnati ne, takardun ofishin mulkin mallaka suna ma'adanar tarihi ta tarayya a Berlin, a unguwar Lichterfelde, jaridar gwamnati ta Deutsches Kolonialblatt kuma takan buga naɗi da canjin wurin aiki da tafiya hutu. In ɗan mishan ne, ma'adanar Mishan ta Basel tana da takardun ma'aikatanta na Kamaru da Gana. In ɗan kasuwa ne abin ya fi wuya, sai a bi ta sunan kamfani da jerin fasinjojin tashar Hamburg, wanda ya tsira daga 1850 zuwa 1934 kuma yakan faɗi inda matafiyi yake zaune. Na Bremen yawancinsa ya salwanta. Ma'adanar tarihi ta Yawunde ma tana da ragowar takardun zamanin Jamus.

Da ka samu gari, sai ka tabbatar wanne ne, don garuruwa masu suna Neustadt kaɗai sun haura ashirin. Ka kuma duba ko yana cikin Jamus har yanzu. Breslau yau Wrocław ce a Poland, Königsberg ta zama Kaliningrad a Rasha, Colmar da duk Alsace suna Faransa, takardun kuma galibi sun bi ƙasar.

Daga 1876 zuwa yau, ofishin rajista na gari, wanda suke kira Standesamt, shi ke da bayanin. Doka ta sa wa'adi: takardar haihuwa shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30. Kafin wa'adin ya cika sai zuri'ar mutum kai tsaye ko mai ƙwaƙƙwaran dalili ake ba. Bayan ya cika ana mayar da littafin ma'adanar gari, kowa na iya nema. Mutumin da ya yi aiki kafin 1916 an haife shi ne kafin 1900, don haka wa'adinsa ya daɗe da wucewa. Ka roƙi hoton shafin gaba ɗaya, kada ka yarda da taƙaitaccen kwafi, domin a gefen shafi akawu yakan ƙara inda mutum ya yi aure ko ya mutu, kuma sau da yawa wannan ɗan rubutun gefe ya fi komai amfani.

Kafin 1876 galibi sai littattafan coci. Dole ka san ɗarikar gidan, don Katolika da Furotesta kowa da nasa littafi ko da gari ɗaya ne. Na Furotesta da yawa suna shafin Archion, ana biya, na Katolika kuma a Matricula, kyauta. Wasu sun kai ƙarni na 16, amma a ƙauyuka da dama za ka tarar littafin ya fara ne bayan 1648, saboda na baya ya ƙone a yaƙi.

A nan ne mutane suka fi ɓata. Kada ka liƙe wa rubutu ɗaya, ka nemi V da F duka, da s ɗaya da biyu. Mace za ka gan ta da ƙarin -in, Anna Vischerin, ba wani gida ba ne. 'Ya'ya maza uku na uba ɗaya duk suna iya zama Johann, wato Johann Georg da Johann Peter da Johann Jakob, sunan na biyu ne ake kiran kowa da shi. In yaro ya rasu yana ƙarami akan mayar wa na bayansa sunan, sai ka ga Peter biyu, tsiran shekara biyu, ka ɗauki wanda bai rayu ba ka yi masa aure. Maganin wannan shi ne duba littafin mutuwa kafin ka yarda da na haihuwa. Ranar da ke shafin sau da yawa ta baftisma ce, haihuwar ta riga ta da kwana ɗaya ko biyu. Alamar tauraro haihuwa take nufi, gicciye mutuwa, zobe biyu a haɗe aure. In ka ga 7ber, Satumba ake nufi ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba, bisa ƙidayar Latin. Garuruwan Katolika sun koma sabuwar kalanda jim kaɗan bayan 1582, na Furotesta a Jamus sai 1700, don haka kwanan wata tsakanin maƙwabta biyu yana iya saɓawa da kwana goma.

Ka riƙa tafiya daga wanda ka sani zuwa ubansa, tsani ɗaya bayan ɗaya, kowane tsani da takardarsa. Wanda ya fara daga shahararren mai suna ya gangaro yana neman inda zai liƙa kansa, ƙarshenta bishiyar wasu yake zanawa. Sannan ka shirya wa yiwuwar cewa takardun Jamus ba za su ambaci kakarku ba ko kaɗan, don irin wannan zama ba kasafai yake shiga rajistarsu ba. Abin da takarda za ta iya tabbatarwa shi ne mutum mai wannan suna ya zauna a wuri kaza a shekara kaza. Saura sai labarin dattawa, wanda ya kamata ka naɗa da muryarsu tun yanzu, da gwajin ƙwayar halitta. Tun da ta wajen uwa kuka haɗa, gwajin Y ba zai yi aiki a jikinka ba, sai dai in akwai namiji da ya gangaro daga gare shi ta maza zalla. In babu, gwajin da ke duba gadon ɓangarorin biyu za ku yi, kuma a fara da wanda ya fi kowa tsufa a gidan.

TAMBAYA: Wani kamfani a intanet ya ce zai sayar wa surukina, wanda sunansa Fischer, tambarin gidansu da tarihinsa a cikin firam. Ya biya? Daga wata mai karatu, Hamburg.

AMSA: Kada ya biya, Hajiya. A al'adar Jamus tambari na zuri'a ɗaya ne takamaimai, ana gadonsa ta wajen uba, ba na duk mai sunan ba. Gidajen Fischer da suka taɓa yin tambari suna da yawa, kusan kowanne da kifi a jiki, waɗanda ba su taɓa yi ba kuma sun ninka su. Masu wannan ciniki sukan buɗe tsohon kundin tambura, su ɗauki na farko da ya dace da sunan, su haɗa da shafi ɗaya na bayani da suke ba kowa. Kuɗin firam ɗin zai ishe shi neman takardar haihuwar kakansa daga Standesamt na garinsu, wadda za ta ba shi sunan uban kakan da sana'arsa da ɗarikarsa da sunan gidan matarsa.